Ciwon Damuwa a Kudancin Kano: Waiwaye

'Yan'uwa marubuta, sau da yawa idan muka sa tauraron labarinmu ya daina magana, ya ƙi abinci, ya ƙaurace wa mutane, sai mu ce sammu ne ko iskoki, mu kira boka mu rufe babi. Haka kakanninmu suka fassara abin, kuma ba mu ga laifinsu ba. A ƙauyukan Kiru da Tudun Wada, mai irin wannan hali akan kai shi wurin 'yan bori a yi masa girka, ko wurin malam a ba shi rubutu ya sha. Amma tarihin yankin yana nuna mana wasu dalilan.

Mu ɗauki Tiga, a ƙasar Bebeji. Gwamnatin Audu Baƙo ta tare Kogin Kano, aka kammala madatsar a 1974. An samu noman rani a Kadawa, wannan gaskiya ne. To amma ruwa ya shanye gonaki da gidaje da maƙabartu, aka tashi mutane zuwa sababbin matsugunai. Dattijon da ya rasa gonar gado, ya rasa kushewar mahaifinsa, ya koma baƙo a inda ba a san asalinsa ba, in ya zauna a gindin bishiya ya yi shiru, wane aljani za mu ɗora wa? Can kuma a Riruwai ta Doguwa, haƙar kuza ta ciyar da gidaje shekaru aru-aru, sai aikin ya durƙushe, farashin kuza ya faɗi warwas a duniya a 1985. Magidanci ya wayi gari ba abin cefane, ga kunyar iyali.

Likitoci sun ce ciwon damuwa yana da rassa uku: halin rayuwa, da tunanin mutum, da jikinsa. Akan gaje shi a wasu gidaje, yakan kuma kama mai jego bayan haihuwa, ita da muke yi wa kallon mai kawaici.

Hukuma kuwa ta daɗe tana kallon duk wannan a matsayin hauka. Dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawa, tsarewa ta fi sani, ba magani ba. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Daga Doguwa zuwa asibitin Dawanau kuwa, tafiya ce ta sa'o'i a mota, ta cikin dajin Falgore.