Bambancin ƙwayoyin gado a tumaki da amfaninsa wajen zaɓen iri

Ƙwayoyin gado su ne ke ɗauke da siffofin da dabba ke gada daga iyayenta, rabi daga uba, rabi daga uwa. Saboda ba a samun haɗuwarsu iri ɗaya a kowace haihuwa, ’ya’yan tunkiya ɗaya ma kan bambanta a girma, launi da juriyar cuta. Wannan bambanci shi ne jarin mai kiwo, domin da babu shi, da babu abin zaɓa.

Nijeriya na da manyan nau’o’in tumaki huɗu. Balami, fara mai dogayen kunnuwa, ta fi kowacce girma, kuma ta fi yawa a arewa maso gabas. Uda, wadda gabanta baƙi ne ko ja, bayanta fari, ta saba da doguwar tafiyar makiyaya. ’Yankasa ta fi yaɗuwa a ƙasar, ita kuwa gajerar tunkiyar kudu tana jure wa sammore.

Ba kowace siffa ake gada daidai ba. Saurin girma da nauyin jiki na bin jini gwargwado, don haka zaɓen rago mai kyau kan nuna sakamako da wuri. Haihuwar tagwaye kuwa ta fi dogara ga abinci da kulawa, sai dai a wasu nau’o’i. Misali, a 2001 masana suka gano ƙwayar gadon da ke sa tumakin Booroola na Ostareliya yawan haihuwa.

Ga masu kiwon gida a wurare irin su Inkil da ke gefen birnin Bauchi, haɗari biyu ne a gaba. Na farko, sayar da raguna mafi kyau lokacin Babbar Sallah, a bar ƙanana su yi barbara, wanda ke rage ingancin garke sannu a hankali. Na biyu, barin rago ya hau ’ya’yansa ko ’yan’uwansa, abin da ke jawo raunin jiki da mutuwar ƙanana.

Mafita ita ce ware ragon iri tun kafin kasuwa ta buɗe, musanya shi da na wani garke kafin ’ya’yansa mata su isa barbara, da rubuta haihuwa da nauyin kowace dabba. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami’ar Ahmadu Bello, ita ce ke da alhakin binciken inganta irin dabbobi a ƙasar.