Yarana Ba Sa Son Wasa Sai Kallo, Me Ya Kamata Iyaye Su Yi?

Tambaya: Yarana uku, babbansu shekararsa 6. Da sun dawo makaranta sai su zube gaban talabijin ko su ɗauki wayata. Mahaifinsu yana ganin hakan natsuwa ce, ta fi guje-guje. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ƙaramin yaro ya wuni a zaune ba natsuwa ba ce. Jikinsa amana ne a hannunku, kuma ƙashi da tsoka ba sa ƙwari sai da motsi. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a wuni, a rarrabe. Wanda bai kai shekara 2 ba kada a ba shi kallo, daga 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya. Daga shekara 5 ana son ya samu minti 60 kullum na wasa mai sa haki.

Sai dai yaro ba ya jin "tashi ka yi wasa" daga bakin wanda ke kwance riƙe da waya. Abin da ya gani shi yake yi. Uban da ke hawa babur zuwa masallacin da ke bayan layinsu ya koya wa ɗansa cewa tafiya wahala ce. Da zai riƙe hannunsa su taka, da ya samu ladan kowane taku, yaron kuma ya saba. Haka uwa: in za ki yi shara ko shanya, ba shi ƙaramar tsintsiya, ki bar shi ya miƙo miki kaya, ko da zai ɓata miki aikin. Goyo alheri ne, amma kada ya wuce awa ɗaya a jere, a sauke jariri a tabarma ya yi rarrafe.

Ga maigida kuma, wasa da iyali ba ya zubar da girma. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu. Bukhari da Muslim sun ruwaito yana salla ɗauke da jikarsa Umama, kuma Nasa'i ya kawo yadda ya tsawaita sujada don jikansa ya hau bayansa. Maganar koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, wadda ake yawan kira hadisi, an fi saninta daga Sayyidina Umar (RA).

Ba sai an sayi kaya masu tsada ba. Langa, 'yar gala-gala, tsallen igiya da wasan ɓuya sun isa, kuma 'ya'ya mata suna da hakki a ciki kamar maza. Inda unguwa ba ta da aminci, tsakar gida ta wadatar, da sharaɗin babba yana kusa. Bayan la'asar ya fi dacewa, rana ta yi sanyi. Da magariba ta gabato a shigar da su, domin umarni da hakan ya tabbata a hadisin Jabir (RA).

Allah ne Mafi sani.