Ramno, Azara da Siminti

Littafin Fitowa, sura ta 5, ya ba da labarin yadda Fir'auna ya hana Isra'ilawa ciyawar da suke yin tubali da ita, ya kuma ce kada yawan tubalin ya ragu. Wannan ya nuna tun zamanin dā magina sun san halin ƙasa. Tana ɗaukar nauyi in an danna ta, amma in an ja ta, ko ta bushe ta tsuke, sai ta tsage. Zaren ciyawa ne yake riƙe bakin tsagar.

Maginan Hausa sun gaji wannan sani. Sukan zuba ramno cikin ƙasa, su jiƙa, su tattake, su bar ta ta kwana. Tattakawar takan sa zaren ya warwatsu ta kowace fuska, saboda haka ko ta ina tsaga ta ɓullo za ta tarar da abin da zai tare ta. Zaren da ya kwanta tare da tsaga ba ya tsinana kome, sai wanda ya gitta ta.

Wajen rufi kuwa dabarar dabam ce, gama magini ya riga ya san inda nauyi zai ja. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, zarenta duka yana bin tsawonta, ƙarfinta kuma yana can. Don haka akan jera ta bisa tsari, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa. Da wannan hanya ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizo na masallacin Juma'a na Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Siminti ma halinsa ɗaya da ƙasa wajen ja. A 1900 Ludwig Hatschek, mutumin Ostiriya, ya fito da hanyar gauraya shi da zaren asbestos, a shimfiɗa falle-falle a inji. Injin yakan sa yawancin zaren ya kwanta ta fuskar da fallen yake tafiya, shi ya sa ƙarfin fallen a tsawo ya fi na faɗi. Daga baya aka gane ƙurar asbestos tana jawo ciwon huhu da daji, ƙasashe da yawa suka hana shi, aka koma ga zaren itace da na roba. A 1963 Romualdi da Batson a Amurka suka buga bincikensu kan kankare mai siraran wayoyin ƙarfe.

Yau injiniyoyi suna auna yadda zare yake kwanciya sa'ad da ake zuba kankare, domin kwaɓi iri ɗaya yana iya ba da ƙarfi dabam dabam. Inda ba a san ta ina ja zai zo ba, a warwatsa zaren. Inda aka sani, a jera shi. Rufin da iyali za su kwana ƙarƙashinsa ya dogara ga wannan bambanci, wanda maginan Zazzau suka riƙe tun kafin siminti ya iso ƙasarsu.