Salsalar Manyan Gidaje a Ƙasar Ungogo: Gidan Rawani da Gidan Gona

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba yadda ake bin salsalar manyan gidaje a ƙasar Ungogo, wadda ke arewa da birnin Kano, cikin karkarar nan mai yawan jama'a inda gona ke haɗa iyaka da gona. A ƙauyukan Ingila mai irin wannan aiki yana samun sauƙi, domin tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, kuma bisa al'adar manyan gidajensu babban ɗa ne ke gaje ƙasar ubansa dungurungum, ta haka zuriya ɗaya takan daɗe a kan fili ɗaya. A wurinmu kuwa gadon Musulunci yakan raba gona tsakanin magada, ita kuma ƙasa a dā tana hannun Sarki. Saboda haka abin da aka rubuta na salsala rawani ya bi, waɗanda suka zauna a kan gonar kuma aka bar tasu a baki. Wannan shi ne abin da muke son mu nuna.

2.0 Gidajen da Jihadi ya Kafa

Bayan an kawar da Sarki Alwali, na ƙarshe a Kutumbawa, a jihadin da aka yi tsakanin 1804 da 1807, manyan sarautun Kano sun koma hannun zuriyar malaman da suka jagoranci yaƙin. Yolawa suka riƙe Madaki, Joɓawa na Malam Bakatsine suka riƙe Makama, Dambazawa na Malam Dabon Dambazau suka riƙe Sarkin Bai, zuriyar Malam Jamo kuma suka riƙe Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ita kuwa sarautar Kano, bayan Sulaimanu, ta zauna a gidan Sulluɓawa daga Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846), sannan 'ya'yansa uku, watau Usman da Abdullahi da Bello, suka yi ta bi da bi.

Waɗannan gidaje ne suka sami marubuta. Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta Taƙyidul Akhbari a ƙarni na 19, Palmer ya fitar da fassarar Tarihin Kano a 1908, Alhaji Abubakar Dokaji kuma ya wallafa Kano ta Dabo Cigari. Sai dai in an lura, hakiman wancan zamani a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ne ke kai da komowa wajen karɓar haraji. Don haka sanin kakannin hakimi ba ya nuna mana waɗanda suka sare dajin gari, ko suka haƙa rijiyarsa ta farko.

Har ila yau, rawanin kansa yakan tankaɗe salsala. Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa faɗa ne na jikokin Dabo, kuma tun daga Aliyu Babba duk sarakunan da suka biyo baya daga tsatson Abdullahi Maje Karofi suka fito. Reshen da ya rasa sarauta, sannu a hankali maroƙa sukan daina ambatonsa, ko da kuwa jikokinsa na nan da rai.

3.0 Misalin Fanisau

Garin Fanisau ya ishe mu misali. Ibrahim Dabo ya mai da shi ribaɗi a lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, wanda ya kafa Kazaure, kuma a can ne Baturen nan Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824. A kewayen garin aka buɗe gandayen Sarki, aka zaunar da bayi suna noma, a ƙarƙashin kulawar manyan bayin fada, waɗanda shugabanninsu su ne Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Hawan Fanisau da aka saba yi a bukukuwan Salla ya samo asali ne daga wannan dangantaka tsakanin fada da garin.

To, a nan akwai zuriya iri uku a kan ƙasa ɗaya: ta Sarki mai gandu, da ta bayin fada masu kula da shi, da ta manoman da suka haifi cucanawa a wurin. Ta farko an rubuta ta. Ta biyu ta sami kulawa a littafin Sean Stilwell na 2004, ta uku kuma a binciken Mohammed Bashir Salau kan Fanisau wanda ya fito a 2011. Amma salsalar bawa takan tsaya ne a kan wanda aka kamo, kuma bayan dokar da ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, da haramta bauta baki ɗaya a 1936, ba kowa ke son a tono wannan asali ba. Wajibi ne mai bincike ya san haka, ya kuma kiyaye mutuncin waɗanda suka ba shi labari.

4.0 Bayan Zuwan Turawa

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma a zamanin Razdan Cargill, wajen 1907 zuwa 1908, aka harhaɗa garuruwa aka yi gundumomi, aka tura hakimai su zauna a cikinsu. Daga nan hakimi ya zama ma'aikacin En'e wanda ake iya ɗagawa daga wannan gunduma zuwa waccan. Ke nan jerin hakiman gunduma jeri ne na masu muƙami, kada a ɗauke shi salsalar gida ɗaya. Gidajen da suka fi daɗewa a wuri su ne na dagatai da masu unguwanni da limamai, su ne kuma ba su sami mai rubuta su ba.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a karkata bincike zuwa ga waɗannan gidaje. A ji ta bakin dattawa maza, a kuma ji ta bakin tsofaffin mata, domin su ne suka riƙe labarin auratayya da ɓangaren uwa wanda jerin sarauta yakan tsallake. A gwada abin da maroƙa suka faɗa da takardun rabon gado na kotunan alƙalai, da sunayen da malamai sukan rubuta a bayan littattafansu. Tun da yake mai ba da labari yakan haɗe kakanni biyu masu suna ɗaya, a riƙa auna kowane suna da abin da aka san shekararsa, kamar Basasa, ko zuwan Turawa, ko isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911.

Aikin ba ya jira. Wurare irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa, waɗanda dā gonaki ne, birni ya riga ya haɗiye su, kuma idan aka yanka gona aka sayar da fulotai, iyakar da dattijo ke nunawa yana lissafa kakanninsa ta tafi ke nan. In ba mu tattara wannan ilimi ba, tarihin Ungogo zai zama na waɗanda suka mulke ta kaɗai.