Farilla da Mustahabbi a Karatun Zanen Isar da Saƙo

Duk jami'ar da ta ƙudiri aniyar ba da digirin farko a fannin zanen isar da saƙo, wato sana'ar tsara haruffa da hotuna da alamomi ta yadda mai kallo zai gane manufa ba tare da tafinta ba, wajibi ne ta warware wata mas'ala tun kafin ta ƙidaya darussa: cikin abin da za a karantar a shekaru huɗu, wanne ne farilla, wanne ne mustahabbi? A ganina manhajoji da yawa sun birkita wannan tartibi, domin sun mai da iya sarrafa Photoshop da Illustrator rukuni, alhali kuwa kayan aiki ne masu sauya kama, waɗanda haziƙin yaro kan iya laƙanta a shagon buga takardu.

Magabata a wannan fanni ba su yi saɓani a kan muhimmancin tushe ba. Makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya assasa a Weimar ta Jamus a 1919, ta shar'anta wa kowane ɗalibi darasin share fage, inda Johannes Itten ya horar da ido da hannu a kan launi da siffa da yanayin kayan aiki. Amma hujjata mafi ƙarfi tana Ulm, makarantar da aka buɗe a 1953 aka rufe a 1968, wadda ta keɓe wa zanen isar da saƙo sashe na kansa. A can aka yi muhawara mai zafi tsakanin Max Bill, wanda ya riƙe cewa fasaha ce asali, da su Tomás Maldonado, waɗanda suka nace sai ɗalibi ya san ilmin alamomi da lissafi da halayyar jama'a. Bill ya bar makarantar a 1957. Ni dai ina bayan su Maldonado, ko da yake sun ɗan zarce wajen nazari. Wanda ke shakka ya dubi alamomin wasanni da Otl Aicher, malamin Ulm, ya zana wa gasar Olamfik ta Munich a 1972: kai ɗigo ne kawai, gaɓoɓi kuwa layuka ne a tsaye ko a kwance ko a karkace bisa ma'auni guda, amma baƙon da bai san ko kalma ɗaya ta Jamusanci ba yana gane ƙofar masu ninƙaya.

Idan haka ne, sharaɗin kammalawa bai kamata ya tsaya ga kyawun fayil ɗin ayyuka ba. Ɗalibin Zariya ko na Kano, alal misali, bai cancanci ijaza ba matuƙar bai iya ƙera ɓ da ɗ da ƙ da suka dace da 'yan'uwansu ba, domin sau da yawa mukan ga sanarwa mai tsada wadda harafi mai lanƙwasa ya fito a cikinta siriri, an aro shi daga wani salon rubutu dabam. Haka nan sanin ajami, wanda dattawa da dama suka fi karantawa, bai dace a bar shi cikin darussan ganin dama ba. Aikin ɗalibi na ƙarshe kuwa, in fastar rigakafi ce, a kafe ta a bakin asibiti, a tambayi mata masu jiran layi abin da suka fahimta, a rubuta amsoshinsu, sannan malamai su zauna ba da maki.