Daga Wasa Zuwa Takarda: Shin Fables Ta Dace da Masoyan The Wolf Among Us?

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta jerin littafin zane na Fables da wasan bidiyon The Wolf Among Us da aka gina a kansa, domin gano ko wanda wasan ya burge zai samu abin da yake nema idan ya koma ga littafin. An duba nau'in labari, da ajin mutanen da aka fi haskawa, da matsayin jarumi. Nazarin ya nuna cewa duk da gari ɗaya ne kuma mutanen su ne dai, hankalin wasan yana kan talakawa, na littafin kuwa yana kan masu mulki.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2002 sashen Vertigo na kamfanin DC Comics a Amurka ya fara buga Fables, wanda Bill Willingham ya rubuta. Lan Medina ne ya zana fitowa biyar na farko, daga baya Mark Buckingham ya zama babban mai zanen. Jerin ya kai fitowa 150 kafin a rufe shi a 2015, aka sake farfaɗo da shi a 2022. Tushen labarin shi ne, mutanen tatsuniyoyin Turai sun yi gudun hijira daga ƙasashensu bayan wani azzalumin sarki da suke kira Magabci ya ci su da yaƙi, suka ɓuya a wata unguwa ta Manhattan a birnin New York, wadda suka raɗa wa suna Fabletown. Waɗanda ba su da kamar mutane, irin su aladu da beraye da dodanni, aka kai su wata gona a wajen gari. Mugun kyarkecin nan na tatsuniya, Bigby Wolf, ya rikiɗa mutum ya zama ɗan dokan unguwar. Kamar dai a ce Gizo da Ƙoƙi sun kama hayar ɗaki a birni, an naɗa Kura mai gadin unguwa.

Kamfanin Telltale Games ya fitar da wasan The Wolf Among Us kashi biyar, daga Oktoban 2013 zuwa Yulin 2014. An ɗora labarinsa a shekarar 1986, wato kafin abubuwan da suka faru a littafin. Mutane da yawa ta wasan suka san Bigby, shi ya sa tambayar da ke kan wannan maƙala take yawan tasowa.

2.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance tsakanin kashi biyar na wasan da fitowa 75 na farkon littafin, inda yaƙi da Magabci ya ƙare. Ba a ji ra'ayin masu wasa ta hanyar tambayoyi ba. Matanin ayyukan biyu kawai aka dogara da shi.

3.0 Nau'in Labari

Wasan labarin binciken kisa ne daga farko har ƙarshe. An tsinci kan wata mace mai zaman kanta, Faith, a ƙofar ginin da hukumar unguwa take, Bigby ya shiga bin sawu a mashaya da otal-otal masu arha da gidan rawa, cikin dare da hayaƙin sigari da fitilu masu launin shunayya. Wannan yanayi ne mafi yawan masoyan wasan suke tunawa.

Littafin ma da bincike ya buɗe. A labari na farko, Legends in Exile, an tarar da ɗakin Rose Red, 'yar'uwar Snow White, jina-jina, sai daga ƙarshe ta bayyana cewa ita da saurayinta Jack ne suka shirya ƙaryar mutuwar saboda bashin da Bluebeard yake bin ta. Daga nan Willingham ya ajiye wannan salo. Labari na biyu, Animal Farm, tawayen dabbobin gona ne ƙarƙashin Goldilocks. Can gaba sai harin sojojin katako, sai zaɓen magajin gari wanda Prince Charming ya kayar da King Cole, sai leƙen asiri, sai yaƙin ƙwato ƙasa. Saboda haka mai neman ɗan sandan ciki fitowa biyar kawai zai samu, su ma cikin raha da hasken rana.

4.0 Su Wa Aka Haska?

Nan ne bambancin ya fi zurfi, kuma ba a cika maganarsa ba. Ginshiƙin wasan talauci ne. Doka ta ce duk wanda ba shi da kamar mutum sai ya sayi sihirin sauya kama, in ba haka ba a kai shi gona, ga shi kuma sihirin yana da tsada. Toad, kwaɗo mai ɗa ɗaya, kullum yana roƙon Bigby ya ɗaga masa ƙafa. Beauty da Beast, da duk sarautarsu ta da, bashi ya yi musu katutu. Lily, wadda dodanniya ce, tana sayar da jikinta cikin kamar Snow White ga mataimakin magajin gari, Ichabod Crane, har aka kashe ta ba wanda ya nemi inda take sai 'yar'uwarta Holly da abokinsu Grendel. Mata irin su Nerissa suna ɗaure da ƙyalle a wuya wanda ya hana su faɗin gaskiya. Mugun labarin, Crooked Man, mai ba da rance ne, kuma da aka gurfanar da shi gaban jama'a hujjarsa ita ce shi ya tallafi mutanen da ofishin hukuma ya bari suna layi a banza. Hujjar tana da nauyi, domin ɗan wasa ya ga layin da idonsa.

Littafin kuwa a cikin ofishin yake zaune. Jarumansa su ne masu yanke hukunci: Snow White a matsayin mataimakiyar magajin gari, Prince Charming, Cinderella 'yar leƙen asiri, Frau Totenkinder shugabar matsafa, Boy Blue da ya kutsa ƙasar gado ya gano cewa Magabcin nan Geppetto ne, masassaƙin da ya yi Pinocchio. Hatta Flycatcher, mai shara a wasan da farkon littafin, sarki ya zama a The Good Prince. Inda talakawa suka ɗaga murya, a tawayen gona, labarin ya nuna su a matsayin waɗanda masu tsattsauran ra'ayi suka yaudara, aka kuma hukunta shugabanninsu. Faith da Nerissa da Crooked Man ba su cikin ainihin jerin. Marubutan Telltale ne suka shigo da su.

Akwai kuma siyasar marubucin, wadda ba ya ɓoyewa. A fitowa ta 50 Bigby ya kwatanta Fabletown da Isra'ila cikin yabo, abin da ya jawo muhawara. Yadda aka zana mutanen tatsuniyoyin Larabawa a Arabian Nights and Days, da Sinbad da bayinsa daga Bagadaza, shi ma zai sa wanda ya tashi da Dare Dubu da Ɗaya ya ɗan yamutsa fuska.

5.0 Bigby Biyu

A wasan, halin Bigby a hannun ɗan wasa yake. Shi zai zaɓa ko ya fizge hannun Grendel ko ya ƙyale shi, ko ya ƙone bishiyar matsafiya Aunty Greenleaf, ko ya kashe Crooked Man nan take ko ya kawo shi gaban shari'a. Gaskiya ne zaɓin ba ya sauya ƙashin bayan labarin sosai, amma yana sa mutum ya ji nauyin tambayar ko kyarkeci yana iya tuba. Bigby na littafin ya riga ya wuce wannan tambaya. Ɗan Iskar Arewa ne, gwanin dabara, da wuya ya yi kuskure, kuma ya kashe Crane a birnin Paris ba tare da shari'a ko nadama ba. Abin da zai fi ba masoyin wasan mamaki shi ne, bayan Snow ta haifa masa 'ya'ya bakwai, Bigby ya bar gari ya ɓace daga labarin na tsawon fitowa da dama, Beast ya gaji kujerarsa.

A ganin mai wannan nazari, a fannin soyayya ne littafin ya biya bashin da wasan ya ci. Soyayyar Bigby da Snow, wadda wasan ya bari a kallo da shiru, littafin ya kai ta har aure a fitowa ta 50 da renon yara. Wanda wannan ce ta riƙe shi a wasan zai ji daɗin karatu, haka ma mai son sanin yadda hijirar ta faru, musamman in ya haɗa da 1001 Nights of Snowfall na 2006. Sai dai ya shirya rasa abokai: Colin, aladen da ke kwana a kujerar Bigby yana shan giyarsa, tun a labari na biyu aka sare kansa aka kafa a sanda.

Wanda kuwa duhun unguwa da zaluncin masu rance suka ja shi, abin da ya fi kusa da buƙatarsa shi ne Fables: The Wolf Among Us, wanda Sturges da Dave Justus suka rubuta daga 2014, inda aka mayar da labarin wasan kansa littafin zane, aka ƙara masa tarihin Bigby da Crane tun zamanin farautar mayu a garin Salem.