Tiyatar Rage Ƙiba: Nazari a kan Sharuɗɗan Cancanta, Haɗurra da Abin da Zai Iya Maye Gurbinta

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi ƙa'idojin da likitoci suka gindaya game da wanda ya cancanci tiyatar rage ƙiba daga 1991 zuwa 2022, ta auna su da sakamakon manyan bincike da aka gudanar a Suwidin da Amurka da Birtaniya. Hujjar da take kafawa ita ce, awon nauyi shi kaɗai bai isa tabbatar da cancanta ba, sai an haɗa shi da ikon majiyyaci na samun kulawa muddin ransa.

Muƙaddima

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a bayan ƙasa yana ɗauke da ƙibar da ta kai haddin cuta. Kuma ko da yake a ƙasar Hausa har yau akwai masu kallon ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata, har ana cinikin magungunan ƙara jiki a kasuwa, wanda duk ya taɓa zama a layin masu ciwon sukari da hawan jini, ya ga matar da hawan matakala biyar ke sa ta haki, ya san al'amarin ya wuce zancen kwalliya.

Mizanin cancanta

Mizanin da ake aiki da shi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa BMI, asalinsa lissafin Adolphe Quetelet ne, masanin ƙididdiga na ƙasar Beljiyam a ƙarni na 19: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita bayan an riɓanya tsawon da kansa. Macen da tsawonta mita 1.65 ne, nauyinta kilo 110, awonta ya ɗan haura 40. A 1991 taron masana a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka ya yi ittifaƙi a kan cewa tiyata ta dace da wanda awonsa ya kai 40, ko wanda ya kai 35 idan akwai wata cuta tare da ƙibar, kamar ciwon sukari ko ɗaukewar numfashi cikin barci. Wannan hukunci ya yi shekara talatin da ɗaya ana aiki da shi, kafin manyan ƙungiyoyi biyu na likitocin fannin, ta Amurka da ta ƙasa da ƙasa, su sassauta shi a 2022, inda suka mai da haddin 35 ko babu wata cuta, suka kuma buɗe ƙofa ga mai awon 30 idan yana fama da ciwon sukari, sannan suka sauko da haddin zuwa 27.5 ga mutanen Asiya, saboda su cutar kan kama su tun jikinsu bai yi nauyi ainun ba. Wannan togiya ta ƙarshe ita kanta dalili ce a kan cewa mizanin bai san inda kitse ya taru ba, bai kuma bambance shi da tsoka.

Yadda aikin yake da abin da aka gani na fa'idarsa

Aikin farko da ya yaɗu, wanda aka soma a shekarun 1950, tsallake mafi yawan ƙaramin hanji ne, aka kuwa bar shi bayan an ga yana jawo zawo marar yankewa da lalacewar hanta. A tsakiyar shekarun 1960 Edward Mason na Jami'ar Iowa ya fito da aikin kewaye, wanda a siffarsa ta yau ake ware wata 'yar jaka a saman tumbi, girmanta bai wuce ƙwan kaza ba, a haɗa ta da hanji kai tsaye. Wanda ya fi yawa a yanzu shi ne aikin hannun riga, inda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siririn bututu, tare da shi kuma a tafi da ɓangaren da ya fi samar da sinadarin girelin mai tayar da yunwa. A yau ta ƙananan huji ake yin duka biyun, da na'ura mai kyamara.

Binciken da aka fara a Suwidin a 1987 ya bi mutum 2,010 da aka yi wa tiyata da 2,037 da ba a yi wa ba, kuma rahotonsa na 2007 ya nuna raguwar mace-mace da kimanin kashi 29 cikin 100 a ɓangaren tiyata, sai dai ya wajaba a ambata cewa ba da ƙuri'a aka raba mutanen ba. Gwajin da Philip Schauer ya jagoranta a Cleveland, mai mutum 150 masu ciwon sukari, shi da ƙuri'a aka yi: bayan shekara biyar, kashi 29 na masu aikin kewaye da kashi 23 na masu hannun riga sun kai matakin sukarin da aka nufa, alhali masu magani kawai kashi 5 ne suka kai.

Haɗurra

Mutuwa a watan farko ta yi ƙaranci a asibitocin da suka ƙware, tsakanin mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu, kuma galibin sababinta yoyon ɗinki ne, ko zubar jini, ko gudan jinin da ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu. Amma abin da ya fi damun marubucin wannan maƙala shi ne wanda ke zuwa a hankali, bayan ciwon ya warke an daina zuwa gaisuwa. Wanda aka yi wa aikin zai zauna gaban kwano ya yi loma biyu ko uku ta tuwo ya ƙoshi, ba shi da damar kora ta da ruwa sai bayan rabin sa'a. Idan kuwa aikin kewaye ne, ya kurɓi kunu mai zaƙi, sai gumi ya karyo masa, zuciya ta riƙa bugawa, jiri ya ɗebe shi, domin zaƙin ya zarce hanji babu abin da ya tsare shi. Jikinsa ba ya ƙara tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin B12 yadda ya kamata, daga nan ƙarancin jini da raunin ƙashi da mutuwar gaɓoɓi kan biyo baya idan bai dawwama a kan shan ƙwayoyin ƙari ba. Mafi gaggawa shi ne bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta 'yan makonni, ta yadda amai mai naci bayan aiki zai iya kai mutum ga ruɗewa da illar ƙwaƙwalwa wadda ba ta gyaruwa idan aka makara. Akwai kuma tsakuwar madaciya saboda saurin ramewa, da ƙwannafi bayan aikin hannun riga, da dawowar wani kaso na nauyin bayan shekaru. Mace kuwa ana umartarta ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, sharaɗin da ba ƙaramin nauyi gare shi ba ga amaryar da dangin miji suka zuba wa ido.

Abin da zai iya maye gurbinta

Gwajin DiRECT na Birtaniya, wanda aka buga a 2017, ya sanya masu ciwon sukari a kan abinci mai kimanin kalori 850 a yini na 'yan watanni, kashi 46 suka samu lafawar ciwon a shekarar farko, adadin ya sauko zuwa 36 a ta biyu. Allurar semaglutide ta rage kusan kashi 15 na nauyi cikin mako 68 a gwajin 2021, tirzepatide kuwa ta kai kusan 21 a na 2022. Amma waɗanda suka daina semaglutide sun mai da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a shekara guda, ga tsada, ga buƙatar ajiya a firiji.

Sharaɗin da mizani bai auna ba

Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu idan babu makawa sai ɗaya, kuma a kanta halaccin wannan aiki ya ginu ga wanda ƙiba ke barazana ga rayuwarsa. Sai dai ba za a san wace ce mafi sauƙi ba sai an duba halin majiyyaci, domin alƙaluman Suwidin da Cleveland na mutanen da likita da masanin abinci suka ci gaba da bibiya ne shekara da shekaru. Mai hali daga Kano ko Maraɗi da ya tafi Masar ko Indiya ko Turkiyya, aka yi masa aiki ya dawo bayan mako biyu da takarda a hannu, bai shiga wannan lissafi ba har sai an san wanda zai auna jininsa a wata na uku da na shida da kowace shekara, da inda zai kwana idan amai ya ƙi tsayawa, da wanda zai gaya masa ya karɓi rukhsar mara lafiya idan Ramalana ya riske shi a watannin farko, lokacin da ba zai iya haɗiye ruwan yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Don haka wannan maƙala ke ganin a rubuta sunan likitan da zai karɓe shi a gida, da jadawalin gwaje-gwajensa, a cikin takardar amincewa tun kafin a sa ranar aiki.